Daga Bauchi zuwa Gombe, muna bin layin dogo da ido

Da hantsin Asabar muka bar Bauchi a ƙaramar mota, ni da Kawu, za mu Gombe ɗaurin aure. Kawu tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya shafe shekaru yana cikin masu bin layi a ƙafa, guduma a kafaɗa, suna ƙwanƙwasa ƙarfe don su ji inda ƙusa ta saki. Shi ya sa duk inda dogo ya leƙo daga cikin ciyawa sai ya taɓa gwiwata ya ce, "Ɗana, ga shi can."

A Dindima muka tsaya shan ruwa. Kawu ya ja ni bakin kogin Gongola, muka tsaya muna kallon ginshiƙan gadar mota. Rani ne, ruwa ya ja baya, yara na wanki a kan yashi. Ya nuna mini zanen da ambaliyar bara ta bari a jikin siminti, ya fi tsayina nesa ba kusa ba. Ya ce gadar jirgi ta fi wannan wuyar sha'ani. Sai an tona har an tarar da dutse kafin a kafa ginshiƙi, domin jirgi ba ya kauce wa rami kamar yadda direbanmu ke yi, kuma in ginshiƙi ɗaya ya nutse ko da ɗan yatsa ne, layin gaba ɗaya ya tsaya. "Duk mai son jirgi ya dawo mana," in ji shi, "to ya fara da gadoji."

Alkaleri muka wuce ba tsayawa.

Bayan an shafa fatiha, Kawu ya ƙi cin abinci sai mun je tashar jirgin Gombe. A hanya yake ba ni tarihi. Layin nan daga mahaɗar Kuru kusa da Jos ya ɓalle, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964. Da shi aka riƙa kwasar auduga da gyaɗa da shanu zuwa kudu, shi ya buɗe wa garin nan kasuwa.

Abin da na gani ya sosa mini rai. Taragai sun yi tsatsa a tsaye, ƙaya ta fito tsakanin katakan layi, wata akuya ta kwanta abinta a inuwar ƙafar tarago. A watan Maris na 2021 marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin daga Fatakwal har Maiduguri, kuma a 2024 jirgi ya soma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Na yi murna da hakan, wallahi. Amma ina so a tuna da mu da ke wannan ƙarshen, mu da kuɗin mota ke cinye ribar buhun masara tun bai kai kasuwa ba.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya buga a jikin dogo, ya kasa kunne. Ya matsa gaba taku goma ya sake bugawa.

"Ƙarfen nan da sauransa," ya ce.

Sai da aka kira la'asar na samu ya yarda muka tafi.