Na Sa Hannu Ban Karanta Ba: Kwanana Huɗu a Zaman Vipassana

Har yau idan na tuna takardar nan sai haushin kaina ya taso mini sabo. Dokoki ne da ba za su ci minti goma wajen karantawa ba, amma na ja su da babban yatsa har ƙasa, na danna amincewa, kamar yadda muke yi wa manhajojin waya. Shi ya sa na tafi zaman kwana goma na fito a rana ta huɗu, jaka a kafaɗa, kunya ta ishe ni.

Lokacin ina shekara ta uku a karatun haɗa magunguna a Pune, cikin jihar Maharashtra ta Indiya. Barci ya ƙaurace mini tun kafin jarrabawa, aka gama jarrabawar bai dawo ba. Abokin ɗakina, wani ɗan Nepal mai bin addinin Buddha, shi ya kawo maganar Vipassana, wani zaman shiru na horar da zuciya da ya samo asali daga koyarwar Buddha. Ya ce kyauta ne, ci da kwana ba a biyan ko rupi ɗaya, kuma babu ruwansu da addinin mutum, numfashinka kawai za ka zauna ka lura da shi. Ya ba ni labarin S. N. Goenka, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya da aka haifa a Burma (Myanmar ta yau) a 1924, wanda matsanancin ciwon kai ya kai shi wurin wani malami, Sayagyi U Ba Khin, ya shekara 14 yana koyo, kafin ya zo Indiya a 1969 ya fara koyarwa. Ya ce har gidan yarin Tihar na Delhi an kai abin, a 1994 fursunoni wajen dubu suka zauna lokaci guda. Na ce wanda ciwon kai ya kai shi, ai ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Sauran kuma ni na ƙarasa wa kaina. Kakana ɗan ɗarika ne, na tashi ina jin labarin halwa, na kuma yi i'itikafi sau biyu a Kano. Sai na ɗauka wannan ma haka yake, i'itikafi ne da babu masallaci. Na sa carbina da dardumata a jaka na hau jirgin ƙasa.

Ranar isowa aka karɓi waya, da littattafai, da biro. Duk wannan na san da shi. Da yamma aka tara mu ana bitar dokoki: babu magana, babu haɗa ido, maza daban mata daban, babu fita sai an gama. Ina ta gyaɗa kai. Sai na ji an ce duk wata ibada, da addu'a, da azumi, da jan carbi, da karanta wuridi, a jingine su har kwana goman su cika. Na ɗauka kunnena ne. Na duba takardar da aka miƙo mana, ga shi nan rubuce ɓaro-ɓaro, kuma ita ce dai wadda na amince da ita ta intanet makonni uku da suka wuce. Babu wanda ya ɓoye mini komai. Har tambayarmu aka yi ko akwai mai son ya fasa tun kafin a shiga shiru. Na zauna kamar an dasa ni. Kuɗin jirgi, da hutun da na sadaukar, da bakin da na cika wa abokina, su suka danne ni a kan tabarmar nan.

Da daddare muka shiga zaure. Aka sa muryar Goenka, wanda ya rasu tun 2013 amma da rikodin ɗinsa ake koyarwa, yana rera wasu kalmomi da Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buddha, ana maimaitawa: neman mafaka ga Buddha, da Dhamma (koyarwarsa), da Sangha (jama'ar masu bin tafarkinsa). Bayanin da suke yi shi ne ba sauya addini ba ne, siffofin wayewa ake nufi, ba mutumin ba. Ni dai na kulle bakina. Da aka zo alkawura biyar, kada ka kashe rai, kada ka yi sata, babu jima'i, kada ka yi ƙarya, babu kayan maye, na ce waɗannan ai namu ne, na karɓa da zuciya ɗaya. Ban lura ba na huɗun shi zai zame mini ƙaya.

Dabarar da na ƙulla ita ce in yi sallata a ɓoye. Watan Disamba ne, kuma jadawalin kamar zai ba da dama. Ƙararrawa ƙarfe 4 na dare, zama daga 4:30 zuwa 6:30, sai karin kumallo. A nan nake zamewa ɗaki in yi asuba kafin rana ta fito. Azahar a hutun bayan abincin rana. La'asar ƙarfe 5, lokacin shayi. Babu waya balle in duba alƙibla, sai na lura da inda rana take faɗuwa, tunda a can yamma ake fuskanta, ba gabas irin namu ba. Magariba ce ta ƙi. Rana tana faɗuwa daidai lokacin da ake shiga zaman ƙarfe 6, wanda dole kowa ya kasance a zaure, daga nan a zarce da jawabin Goenka a bidiyo, a sake zama har 9. Sai in haɗa ta da lisha bayan an tashi, a tsaitsaye, ina kasa kunne ko wani zai taɓa ƙofa. Ɗan Musulmi, jikan mai wuridi, yana salla kamar mai satar kaza.

Ba zan zalunce su ba, aikin kansa ba wasa ba ne. Kwana ukun farko abin da suke kira anapana ake yi: ka lura da iska tana shiga hanci tana fita, ba ka ƙirga, ba ka ambaton komai, ba ka gyara numfashin. Sama da awa goma a rana. Na zaci mai sauƙi ne. Numfashi uku ban taɓa haɗawa ba a ranar farko sai zuciya ta tafi Kantin Kwari, ta dawo ta tsaya kan wata magana da wani ya gaya mini tun ina sakandare. A rana ta uku an taƙaita wurin lura zuwa ɗan filin da ke tsakanin hanci da leɓe, kuma wallahi na fara jin wani ɗumi-ɗumi da motsi a wurin da ban taɓa sanin yana da ji ba. A daren nan na yi barcin da rabona da irinsa wata biyu. Rashin abincin dare, wanda Turawan da ke cikinmu suke fama da shi, bai dame ni ba. Wanda ya saba azumin watan Afrilu a Kano, shayi da ayaba ƙarfe 5 ai gata ne. Sauro ne jarrabawata. Ya sauka a hannu kana kallo, ka yi alkawari ba za ka kashe ba.

To amma duk natsuwar da na tara da rana, magariba ke zubar da ita. Ina zaune ido rufe, na san rana ta faɗi, ana ce mini in lura da hanci, ni kuwa lissafin lokaci nake. Kuma abin da ya fi ci mini rai, shirun nan ba ya barin mutum ya yaudari kansa. Babu waya, babu hira, babu inda za ka gudu. Na yi alkawarin ba zan yi ƙarya ba, ga shi sau biyar a rana ina saɓa abin da na sa wa hannu. Sallar ba ta samu haƙƙinta ba, su ma ban ba su nasu ba.

Rana ta huɗu ita ce ranar da ake koyar da Vipassana ɗin kanta, bin jiki daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa ana lura da duk abin da aka ji ba tare da so ko ƙi ba, don a gane abin da suke kira anicca, wato komai mai gushewa ne. Daga ranar ake fara zaman awa guda ba motsi, sau uku a yini. Ban kai ga wannan ba. Ƙarfe 12 na rubuta sunana cikin masu ganin malami, wani dattijo mai sanyin murya. Na ce, "Malam, ni Musulmi ne, kuma tun da na zo ban bar salla ba." Ya yi shiru jim kaɗan, ya tambaye ni ko na karanta dokokin kafin in zo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ban karanta ba. Ya ce ba don sun raina salla suka sa dokar ba, so suke mutum ya gwada hanya ɗaya ita kaɗai ya san abin da ta haifar, kamar mai haƙa rijiya da ba ya tona nan ya tona can. Ya ce in zan iya jinginewa na kwana shidan da suka rage, in zauna. Na ce wannan ba a hannuna yake ba, ba ni na ɗora wa kaina ba balle in sauke. Ya gyaɗa kai, ya yi mini fatan alheri, ya sa aka kawo mini wayata.

Masu tambayata yanzu, musamman ɗalibanmu da ke Indiya da Malesiya, abu ɗaya nake fara ce musu: ku karanta takardar, kalma bayan kalma. "Babu ruwansa da addini" a bakin wanda addininsa ba shi da ibada mai ƙayyadadden lokaci sau biyar a rana, ma'anarta daban. Abokina bai yi mini ƙarya ba, shi jingine ibadar kwana goma ba ta rage shi da komai, bai ma tuna dokar tana nan ba. Idan kana da tambaya kan salla, ka rubuta musu tun kana gida, ka samu amsa, ka kuma tambayi malaminka, ka yanke shawara kafin ka sayi tikiti. Kada ka tafi da niyyar ɓoyewa irin tawa; wurin da mutum ɗari suke zaune shiru, har ƙarar shimfiɗa darduma ji ake. Lura da numfashin kuwa ban bari ba, ina yin minti goma kafin in kwanta, kuma ba ya bukatar in nemi mafaka wurin kowa.

Da zan fita na tsaya ofis na ciro kuɗi, na ce a karɓi na abincin kwana huɗun da na ci. Mai kula da wurin ya mayar mini. Ya ce ba sa karɓar gudummawa sai daga wanda ya kammala kwana goma, kuma abin da na ci, wani ne da ya zauna kafin ni ya biya don wani ya samu. Na nace, ya yi murmushi ya haɗa tafukansa. Wato gadon da na kwanta a kai, da shinkafar, da shayin, sadakar wani bawan Allah ce da ya yi niyyar a kammala da ita, kuma akwai wanda aka bari a jerin jira saboda ni na riga shi danna amincewa. Na mayar da kuɗin aljihu na kama hanyar tasha. A dandalin jiran jirgi na yi la'asar, a fili, mutane suna ratsawa ta gefena, sannan na kunna waya na tarar da kiran Hajiya goma sha ɗaya, don ita ma ce mata na yi karatu zai ɓoye ni kwana biyu.