Jijjigar da Ke Jirana a Kilomita 100

A kilomita 60 ko 80 motata ba ta da laifi ko kaɗan. Rugugin injin kawai ake ji yana ratsa ƙirji, kuma dama don shi na gina ta. Amma da zarar allurar maleji ta haura 95, sai kujera ta fara tsuma a ƙarƙashina. A 105 madubin tsakiya ya daina nuna komai sai inuwa-inuwa, ƙofar hagu tana kaf-kaf kamar za ta ɓalle. In na daure na kai 120, sai abin ya ɗan lafa. Wata bakwai na yi ina fama da wannan, har na fara jin nauyin fitowa da ita babban titi.

Ga wanda bai san irinta ba, hot rod ce: tsohuwar motar Amurka da ake rage wa nauyi a dasa mata babban inji, sana'ar da matasan kudancin Kalifoniya suka faro tun shekarun 1930. Tawa bodin Ford ne samfurin 1932, injin Chevrolet 350, giyar otomatik TH350, sai aksil ɗin baya na Ford mai inci 9. Tayoyin gaba sirara ne, 165/80R15. Na baya kuwa 295/50R15 ne, a kan wilin alminiyam mai faɗin inci 10. Mota ce marar nauyi mai ɗauke da manyan ƙafafu, kuma babu tarin roba da soso irin na motocin zamani da za su shanye motsi kafin ya iso jikin direba. Duk abin da taya ta yi, bayana ne ke fara sani.

Sau uku ina kai ta balansin. Sau ukun na'ura tana nuna 00 a allo, in biya, in hau titi, in tarar da jijjigata tana nan inda na bar ta. A karo na farko ni na jawo. Ba na son a ga dalmar daidaita nauyi a fuskar wilin da na sha wahalar gogewa, sai na ce a manna ta layi ɗaya a ciki. Wannan yana wadatar da siririyar taya, domin nauyinta kusan a layi ɗaya yake. Taya mai faɗin kusan santimita 30 kuwa, gefen ciki da na waje sun yi nisa da juna. In wurin da ya fi nauyi yana gefen waje, aka sa dalmar da za ta rama shi a gefen ciki, a tsaye za ta yi daidai, amma da ta ɗauki gudu sai kowane gefe ya riƙa ja nasa wuri, tayar ta riƙa kaɗa kai hagu da dama. Sai an raba dalmar layi biyu, ɗaya kusa da leɓen ciki, ɗaya a bayan fuskar wilin. Da aka yi hakan jijjigar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Na canza shakazoba biyun baya, ko gezau.

Wani dattijon bakanike, wanda ya daɗe yana harkar tsofaffin motoci, shi ya juya mini tunani. Na gama jera masa abin da na saya da abin da nake shirin saya, sai ya ce, "Ɗana, ka ƙirga ta kuwa?" Na ce, "Baba, me zan ƙirga?" Ya ce, "Bugunta. Duk abin da ke juyawa a mota yana da nasa kiɗan. Ka ji kiɗan, ka san makaɗin."

Ga lissafin da muka yi a bayan kwali. Taya 295/50R15 tsayinta milimita 676 ne, kewayenta kusan mita 2.12. A gudun kilomita 100, mota na cin mita 27.8 a daƙiƙa, ke nan tayar na juyawa sau 13 a daƙiƙa guda. Haƙoran aksil ɗina 3.50 ne, don haka farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, na juyawa sau uku da rabi kafin taya ta yi ɗaya: kusan sau 46 a daƙiƙa. Bambancin 13 da 46 ba ya ɓoyuwa ga jiki. Na farko girgiza ce da kusan za ka iya bin ta da ƙafa, na biyu kuwa zuuu ne mai sa tafin ƙafa ƙaiƙayi. A nan ne ma na fahimci dalilin da ya sa abin ke jirana a wuri ɗaya. Taya da aksil da sifirin suna da nasu saurin tsalle da suka fi so, wanda a yawancin motoci yake tsakanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. In juyin taya ya zo daidai da shi, ɗan ƙaramin aibu sai ya zama babba. In ka wuce wurin, ya lafa.

Washegari na fita gwaji, amma sai da na yi kilomita 20 tukuna, domin faffaɗar taya in ta yi makonni a tsaye takan baje ta ƙasa, kuma sai ta yi ɗumi take komawa daidai. Wanda ya yi gwaji da taya mai sanyi zai bi sawun da ba shi ba. A miƙaƙƙen titi marar cunkoso na kai 105, na sa giya a firi na 'yan daƙiƙu, inji ya sauko ƙasa. Jijjiga ba ta canza ba. Na tsaya a gefe, na taka totur har inji ya kai juyi 2,900 a minti, irin wanda yake yi a gudun 105, motar shiru. Inji ya fita daga zargi. Sitiyari kuma bai taɓa rawa a hannuna ba, kujera ce ke yi, wato daga baya abin yake. Na manna waya a ƙasan motar da manhajar da ke auna girgiza, ta nuna tsini ɗaya dogo tsakanin 13 da 14. Taya ce, ta baya.

To amma na'ura ta ce tayoyin daidai suke. Abin da ban gane ba a da shi ne, na'urar balansin nauyi take aunawa. Ko ƙwai ka ɗora mata, za ta iya daidaita nauyinsa ta nuna maka 00, amma ba zai gangara sumul ba. Kuma a kan sandarta take aunawa, ba a kan motarka ba.

Na ɗaga bayan motar na ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, na kafa agogon awo mai allura, bakinsa na taɓa tsakiyar tayar. Na bi tsakiyar da tef mai santsi don kada allurar ta riƙa faɗawa cikin zanen. Na juya ta hagu a hankali da hannu: allura ta yi yawon da bai kai milimita ɗaya ba. Na koma ta dama. Ina juyawa allurar na hawa, na hawa, har milimita 2.5, sannan ta sauko. Na mayar da bakin agogon leɓen wilin ta gefe, nan ma 1.8. Abin da makanikai suka saba bi shi ne kada wili ya wuce kamar 0.75, taya da wili a haɗe kuma kada su wuce 1.5. Raina ya ɓaci, na ɗauka wilin ne ya lanƙwashe.

Da na kwance shi na kifa a ƙasa, sai na ga wasu zanen jinjirin wata guda biyu masu ƙyalli a bayansa, dab da ramukan noti. Ruwa ba ya tsami banza. Na duba kusoshin aksil, sai ga wasu siraran zobban ƙarfe guda biyu maƙale a gindinsu, irin waɗanda ake sawa don riƙe kwanon birki kafin a ɗaura taya. Kaurin kowanne bai fi na farce ba. Wilin ƙarfe na asali yana da ɗan lotsawa a baya da ke haɗiye su. Na alminiyam kuwa bayansa shafe yake, don haka a kansu ya zauna, a karkace, duk tsawon watannin nan. A ɓangaren hagu babu su, shi ya sa can lafiya. Da filaya na fincike su cikin minti ɗaya.

Akwai kuma aibu na biyu a wurin. Ramin tsakiyar wilin ya fi wuyan aksil faɗi, ke nan noti kaɗai ke tsayar da shi a tsakiya. Na sa zoben cika giɓi daidai awo, na goge tsatsar fuskar kwanon, na ɗaure notunan tayar tana sama, ina tsallake ɗaya ina kama ɗaya, zagaye uku, na ƙarshe da sifana mai awon ƙarfi. Yawon gefe ya faɗo 0.4. Na sama da ƙasa ya tsaya a 1.6, saura kaɗan. Wannan sai da na nemi mai na'urar Hunter GSP9700, wadda ke danna wa taya birgima mai nauyin fiye da rabin tan tana juyawa, don ta ji wurin da robar ta fi tauri. Aka sassauta tayar a kan wilin, aka juya ta har tudunta ya haɗu da kwarin wilin, aka sake balansin layi biyu.

Girgizar kujera ta tafi. Sai dai da ta tafi, wata siririyar ƙara da take rufewa ta fito fili: zuuu a ƙasan ƙafa, tana ƙaruwa in na taka totur, tana raguwa in na saki. Waya ta nuna ta wajen sau 92 a daƙiƙa, ninki biyu na juyin farfela. Kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, in yana aiki a karkace, yakan ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi, kuma kuros na baya ne ke soke abin da na gaba ya yi, muddin kusurwarsu ta zo ɗaya. Na auna motar tana zaune a kan tayoyinta. Wutsiyar giya ta sunkuya digiri 3, farfela digiri 1, kusurwar gaba 2 ke nan. Hancin aksil kuwa, inda farfela ke haɗuwa da shi, ya ɗaga har digiri 6, kusurwar baya ta zama 5. Tun ranar da na sauke tsayin motar na taɓa sandunan da ke riƙe aksil abin ya goce. Na juya sandunan da ke sama kaɗan-kaɗan, ina aunawa, har hancin ya dawo 3.

Ranar da na sake fita, na riƙe ta a 105 na tsawon lokaci, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kan kujerar gefe ina saurare. A madubin tsakiya na ga wata farar mota tana bina, har fuskar direbanta da tabarau ɗinsa. Abin da ya rage shi ne ɗan tsumar farkon tafiya in ta yi makonni a ajiye, wadda ke ɓacewa kafin kilomita 15. Yanzu in na san za ta wuce wata ba ta fita ba, sai in ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe, tayoyin su huta a sama.