Wata na takwas da fara ɗaukar hoton tsuntsaye: abin da na gano game da girman sensa

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Makonni uku ke nan ina gwada abu guda, kuma na ga ya dace in rubuta shi tun yana da zafi a raina, domin na san da yawanmu tambayar nan ta taɓa hana mu sakat: shin hotunana ba sa fitowa ne saboda kyamarata ƙarama ce?

Sensa shi ne ɗan farantin da ke cikin kyamara yana karɓar haske ya mayar da shi hoto. Tawa mai ƙaramin sensa ce, wanda ake kira APS-C, faɗinsa kusan milimita 23.5, tsayinsa 15.6, megafiksil 24, wato ɗigo miliyan 24. Wani abokina ya ara mini tasa mai babban sensa, wanda ake kira ful-firem, milimita 36 da 24, ita ma megafiksil 24. Kamfaninsu ɗaya, don haka gilashin zuƙowata mai milimita 400 ya hau duka biyun. Na ɗauka da na riƙe babbar shi ke nan, gashin tsuntsu zai fito ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko sai aka samu akasi. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya sauka a reshe, tsakaninmu kamar mita 16. Na ɗauke shi da wannan, na ɗauke shi da waccan, na dawo na datse hotunan a kwamfuta har ya cika fuskar allo. Na ƙaramar kyamarar ya fi fitowa tas. Abin ya tsaya mini a rai, har sai da na zauna da biro da takarda.

Ga lissafin, don Allah ku bi shi a hankali, shi ne ya buɗe mini ido. Tsuntsu mai tsawon santimita 12, a nisan mita 16, da gilashin milimita 400, surarsa a kan sensa kusan milimita 3 ce. Wannan ba ya canzawa ko wane sensa ka sa a baya, aikin gilashi ne da nisa. Abin da ya bambanta shi ne yawan ɗigon da ke cikin milimita ukun nan. Megafiksil 24 na nufin ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. A babban sensa an baza su a fili mai faɗi, kowane ɗigo ya kai maikuron 6 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), don haka tsuntsun ya samu ɗigo 500 kacal. A APS-C an matse su, kowanne kusan maikuron 3.9, tsuntsun ya samu wajen 770. Idan ka datse hoton babban sensa ya koma daidai da na APS-C, abin da zai rage maka bai kai megafiksil 11 ba.

Nan ne kuma na fahimci zancen da ake yi cewa milimita 400 yana komawa 600 a kan APS-C. Gilashin bai ƙara tsawo ba, sensan ne ya ɗauki tsakiyar surar ya bar gefe.

To, amma babbar ba a banza ake yabonta ba. Da sassafe kafin rana ta ɗaga, wata kurciya ta sauka kusa da ni sosai, ba na bukatar datse komai. Hasken ya yi ƙaranci har na kai ISO 6400 (ISO shi ne lambar da ake ɗagawa don kyamara ta ƙara wa hoto haske). A hoton ƙaramar, inuwar ƙarƙashin fiffike ta cika da yashi-yashi, launin wuyan ya dusashe. Na babbar ya fito sumul, bayan tsuntsun kuma ya narke da kyau. Dalilin a fili yake: filin babban sensa, idan aka haɗa tsawo da faɗi, ya ninka na APS-C fiye da sau biyu, idan tsuntsu ya cika hoton a duka biyun, babbar ta fi tara haske da kusan wannan ninkin. Sai dai sharaɗin shi ne ya cika hoton. Da zarar ka datse ka zubar da rabin sensan, ka zubar da hasken da ya tara, ribar ta tafi.

Masu babban sensa mai megafiksil 45 suna cin moriyar biyun, domin ko sun datse zuwa girman APS-C suna da kusan 20. Ban gwada irinta ba tukuna.

Abin da ya fi damuna a gwajin nan wani ne daban. Cikin hotunan da na zubar, mafi yawansu ba sensa ne ya ɓata su ba. Wasu hannuna ne ya girgiza, wasu ƙiftawar kyamara ce ta yi jinkiri. Ƙananan ɗigo ba sa yafiya, ɗan motsi kaɗan sai ya bayyana idan ka zuƙo hoton. Yanzu a saurin ƙiftawa, tsuntsu mai tashi ba na sauka ƙasa da 1/2000 na daƙiƙa, na zaune kuma 1/500 idan ya natsu. Na kuma daina matse ƙofar haske fiye da f/11, don na lura hoton yana yin laushi daga nan. Da tsakar rana kuwa, idan ƙasa ta ɗauki zafi iska tana rawa, na ɗauki shaho daga nesa da kyamarorin biyu, babu wadda ta fitar da idonsa.

Ku koma kan lissafin can. Da a ce na matsa daga mita 16 zuwa 8, tsuntsun zai zama milimita 6 a kan sensa. Babbar da ta ba shi ɗigo 500 za ta ba shi 1000, ta wuce abin da ƙaramar ta bayar daga nesa. Idan aka haɗa tsawo da faɗi, ɗigon da ke jikinsa ya ninka sau huɗu, ba tare da an canza ko da noti ɗaya ba.

Shi ya sa na mayar wa abokina kyamararsa, na ajiye tunanin canji zuwa gaba. Wannan watan zan ba shi ga koyon matsowa: zama wuri guda kafin gari ya waye, tufafi marasa ɗaukar ido, rana a bayana, da barin tsuntsu ya zo da kansa. Jiya na zauna minti arba'in a gindin wata bishiya, wani zalɓe ya sauka bakin ruwa a nisan da bai kai mita 10 ba, kuma a karon farko na ga layukan gashin wuyansa ba tare da na datse hoton ba. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin da sandar kyamara mai ƙafa uku, in ga ko ISO 1600 zai ishe ni a wannan hasken.