Mai yawan zuwa shago daban, mai saye daban

Aikin da na yi a shagon kayan sauti masu tsada, irin manyan sifikoki da amfilifaya da garmaho, ya nuna min cewa yawan zuwan mutum ba shi ke nuna zai saya ba. Akwai waɗanda kusan duk ƙarshen mako suna nan, sun san kayan da ke kan kanta har sun fi mu, su zauna a kujerar tsakiya a kunna musu amfilifayar McIntosh su ƙura wa shuɗayen mitocin da ke gabanta ido suna gyaɗa kai, can su miƙe su ce "toh bari in yi shawara", shikenan sai wani satin. Mai saye na gaske kuwa kira yake yi a sa masa lokaci, ya zo da faifansa a jaka, waƙar da ya ji har ya haddace inda mawaƙin ke jan numfashi, ya saurara shiru ba surutu, in ya saya kuma sai ka yi shekaru ba ka sake ganin ƙeyarsa ba.

Kuma ba laifinsa ba ne, kayan ne ba sa mutuwa da wuri. Garmahon Linn Sondek LP12 tun farkon shekarun 1970 ake yin sa kuma har yau ana gyara tsofaffin, sifikar Klipschorn kuwa tun 1946. Wanda ya mallaki irin wannan me zai dawo yi? Sai dai in allura ta cinye, ko bel ɗin garmaho ya saki, ko kwalaben lantarki da ke cikin amfilifaya sun gaji sauti ya fara dishewa.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar ɗaki. Ɗakin gwajinmu an gyara shi musamman, kafet mai kauri, allunan shanye amo a bango, sifika an janye ta daga bango an auna tazararta da kujera. Mutum ya ji daɗi ya kai gida ya jingina ta a kusurwa a falo mai tayil da gilasai, bes, wato sautin nan mai kauri, ya cika ɗakin ya danne muryar mawaƙi, washegari ya bugo waya rai a ɓace wai ba wadda ya ji ba ce aka ba shi. Ita ce wallahi, ɗakin ne ba ɗaya ba. Shi ya sa maigidana ya fi yarda a ba kwastoma aro ya gwada a gida, ya kan ce min "kai yaro, zuwa goma a nan bai kai kwana ɗaya a falonsa ba". Sannan ga dabarar ƙarar murya, in ka gwada kaya biyu ɗaya ya ɗara da ko desibel 1 ne a ma'aunin ƙara, kunne zai ce shi ya fi daɗi, dole sai an daidaita ƙarar kafin a kwatanta in ba yaudara ake so ba.

Intanet ma ta rage ƙafa sosai. Wasu su zo su saurara awa guda su koma su yi oda a wani wuri, wannan kam yana da ciwo, wasu kuma sun gwammace su jira babban baje koli irin AXPONA da ake yi kusa da Chicago su ji kamfanoni da yawa a rana ɗaya, duk da ɗakunan otal ba wani sautin kirki suke bayarwa ba.

Amma fa 'yan zaman nan ba ma korar su. Su ne ke jawo abokansu masu kuɗin, su ne ke kwashe kayan hannu da aka kawo musanya tun kafin mu gama goge ƙura, kuma in aka juya wayar sifika ɗaya bisa kuskure, jar waya a wurin baƙa, su ke fara cewa murya ba ta tsaya a tsakiya ba, a duba bayan amfilifaya.