Siraran Layukan Bodoni da Abin da Injin Bugu Ya Yi Musu

Har yau idan na ɗauki fitowar farko ta mujallar kayan sawa da na tsara, shafukan tsakiya nake fara buɗewa, kuma raina sai ya sosu.

Masu mujallar sun ce suna son kanun labarai masu aji irin na mujallun kwalliya Vogue da Harper's Bazaar. Kowa a wannan sana'a ya san me ake nufi: haruffan nan masu ƙafa, wato ɗan layi a ƙarshen kowace sanda, da Firmin Didot ya sassaƙa a Faransa, Giambattista Bodoni kuma a Parma ta Italiya, a ƙarshen ƙarni na 18. Gangar harafi kauri, layin da ya gitta siriri kamar zare. Na ɗauki salon harafin da ake kira Bodoni. A fuskar kwamfuta ya yi kyau matuƙa, a bango ma haka, inda harafin ya kai girman 90 a ma'aunin haruffa.

Shafukan tsakiya ne suka jawo asara. Farin rubutu ne, girman 14, a kan launin ƙasa mai duhu. Wannan launi kuwa tawada huɗu ake haɗawa kafin ya fito, kowace da nata farantin da ke ɗora ta a kan takarda a injin bugu. Da ɗaya ya goce kaɗan, shi ke nan, ya rufe siririn layin. Takardar ba mai sheƙi ba ce, ga ta da shan tawada, sai ta ƙarasa abin da ya rage. Harafin e ya koma c, H ya zama sanduna biyu a tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Bodonin da nake da shi ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, don haka da hannu na zana musu ƙugiya, siririya don ta dace da sauran. Duk ta ɓace. Mai karatu zai ga k inda aka rubuta ƙ, a mujallar Hausa! Dole aka sake buga shafukan, aka kuma ɗage ranar fitowa.

Tsohon da ke kula da injin ya ce mini: “Ɗana, su masu wannan harafi kowane girma da zubinsa suke yi, ƙanana sun fi kaurin layi.” Gaskiya ya faɗa. Bodoni Moda, wani sabon salon Bodoni da ke rumbun haruffa na Google Fonts, shi ma a kan haka aka gina shi, layinsa na ƙara kauri idan girman ya sauka.

Yanzu ba na sauke irin wannan harafi ƙasa da girman 30 a kan duhu, kuma duhun na tawada ɗaya ne. Gundarin labari salon harafin Charis SIL nake ba shi, don ƙugiyoyinsa cikakku ne. Ba na sa hannu a aiki sai na ga gwajin bugu a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ko da masu mujalla na gaggawa.