Rim mai inci 20 a hanyar Saminaka

Da sassafe muka bar Kawo a Kaduna, ni da kawuna, cikin watan Agusta, za mu duba gonarsa ta masara a can bayan Saminaka. Motata Hilux ce, ita nake kai yara makaranta da ita in wuce wurin aiki. Wata biyu kafin nan na shiga kasuwar Panteka na cire rim mai inci 17 da ta zo da shi, wato ƙarfen da ake saka taya a kai, na ɗora mai inci 20, baƙi wuluk, sai sheƙi. Ba wani dalili, ƙawa ce kawai.

Kafin ya shiga mota Kawu ya tsaya ya kalli ƙasa, ya ce, "Kai, ina sauran tayar?"

"Haka ake yayi yanzu, Kawu."

"To, Allah ya kai mu lafiya."

Daga Kawo zuwa Maraban Jos ban da abin cewa. A kan kwalta mai kyau babban rim yana da daɗi, sitiyari na jin magana, mota ba ta yin lilo a kwana. Da muka karya dama muka nufi Pambegua ramuka suka fara, kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana. Kawu ya riƙe hula, bai ce komai ba, shirun nan nasa kuwa ya fi faɗa ciwo.

Bayan Saminaka muka sauka kan burji. An yi ruwa da dare, hanya ta zaizaye, duwatsu sun fito. Ban yi kilomita biyar ba na ji ƙau a gaban dama. Ina fita na tarar bakin rim ya lotse, taya na fitar da iska a hankali. Allah ya so ni, safayar da ke ƙarƙashin mota tsohuwar ce mai inci 17, rowa ta hana ni sauya ta. Muka ɗaura, muka lallaɓa muka koma bakin titi wurin wani mai faci.

Dattijo ne, ya ajiye tayoyin biyu gefe da gefe ya ce in duba. Tsayinsu kusan ɗaya. Ya nuna mini rubutun jikinsu: tsohuwar 265/65R17, sabuwar 265/50R20. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta, kashi kaza cikin ɗari na faɗin. Na danna a waya. Gefen tsohuwar ya kai milimita 172, na sabuwar 132 da ɗoriya. Wato na biya kuɗi na zubar da kusan santimita 4 na roba da iska, kuma su ne katifar da ke tsakanin dutse da ƙarfe. Ƙasan motar ko yatsa ɗaya bai ƙara tashi ba, don girman taya gaba ɗaya ne ke ɗaga mota, rim ba ruwansa.

"Alhaji, wannan ta gidan biki ce," in ji shi.

Na tambaye shi ko in koma 16 kawai in huta. Ya ce a daji 16 ta fi kowa haƙuri, amma sai an gwada, don in birkin gaba babba ne ƙaramin rim ba ya shiga. Kuma mai hawa mota kullum cikin gari, 17 ta ishe shi: tayarta na ko'ina a Kaduna, sabuwa da ta hannu, ga sauƙin kuɗi. Ta 20 kuwa, in ta fashe maka a ƙauye, sai dai ka aika birni. Ya kuma ja mini kunne kan masu ƙara wa taya tsayi fiye da kima, mota ta riƙa shan mai, ta yi nauyin tashi, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi.

Gonar dai mun je, amma ba da mota ba. Kusa da ita akwai fadama mai taɓo, inda direban kirki zai rage iska taya ta baje ta kama ƙasa. Da siririn gefe irin nawa, ka rage iska rim ya zauna a kan dutse. Muka bar Hilux a gindin ɗorawa, wasu samari biyu suka ɗauke mu a babur. Masarar ta yi kyau ƙwarai, ta fara goyo, Kawu na ta murna, ni kuwa hankalina na kan lissafi.

Mun iso Kaduna bayan isha'i, a hankali, da rim uku baƙaƙe da fari ɗaya. Washegari na buɗe shagon ajiya na gida ina neman tsofaffin nawa. Uku na samu. Na huɗun yana tsakar gida, uwargida ta riga ta mai da shi murhu, tukunyar wake na tafasa a kai.