720,720: lambar da ke rabuwa tsakanin mutum 16 ba ragowa

A ce 'yan kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Ghana, sun haɗa jari, riba ta kai sidi (kuɗin ƙasar) 720,720. Ko su biyu ne, ko bakwai, ko goma sha uku, ko goma sha shida, kowa zai ɗauki rabonsa cif. Duk lambar da ke tsakanin 1 da 16 tana raba ta, kuma babu wata ƙasa da ita da ke iya hakan. Rabinta, 360,360, tana kai wa 15, amma a 16 sai ta cije: 22,522 da rabi.

Kafin a ce komai a kan babbar lamba, sai an farfasa ta zuwa lambobin asali, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Dubi fasalinta: 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai gida uku da aka rubuta sau biyu haka, 1,001 na raba ta, don haka 720,720 ita ce 720 sau 1,001. Ita 720 ba wuya: 2 sau huɗu a jere (16), 3 sau biyu (9), da 5 guda.

A kan 1,001 ne ɗalibai ke faɗuwa, har da masu shirin gasar kimiyya da lissafi ta sakandare. Mara ce, ba cika ba. 3 ba ta raba ta, 5 ma haka, sai yaro ya ɗauka ta asali ce ya ajiye biro. Alhali 7 sau 11 sau 13 ce. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da gwaji har lambar gwajin, in an ninka ta da kanta, ta wuce wadda ake bincike. Ga 1,001, sai an kai 31.

Yanzu lambobi nawa ne ke raba 720,720? Ƙirga sau nawa kowace lambar asali ta fito, ka ƙara ɗaya a kai, sannan ka ninka: 5×3×2×2×2×2, ya ba da 240. Ƙarin ɗayan nan ba ado ba ne. Shi ke wakiltar halin da ba a ɗauki lambar ba sam. Wanda ya manta da shi 8 zai samu, kuma abin takaici, lissafin zai yi masa kama da daidai.

Ita ce lamba ta farko da ta kai 240, kuma ƙasa da miliyan babu wadda ta zarce haka. Sai an je 1,081,080 ake samun 256. Irin waɗannan lambobi, da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, su ne Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi dogon nazari a kansu a 1915.

In aka tara duk masu raba ta ban da ita kanta, ana samun 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi. Shi ya sa take cikin ajin lambobi masu yalwa, wato waɗanda jimillar masu raba su ta zarce su kansu, saɓanin 28 wadda nata (1, 2, 4, 7, 14) ke dawowa 28 daidai.

Ga wata dabara ta gwada 7, 11 da 13 a lokaci guda kan lamba mai gida shida: raba ta gida uku-uku, ka cire ƙaramar daga babbar. A 857,142 an samu 715, wato 5×11×13. Ke nan 11 da 13 na raba ta, 7 ba ta yi.

Su kuwa 'yan Kejetia, ranar da mutum na 17 ya shigo, kowa zai karɓi 42,395, sidi 5 su rage a kan tebur.